Yadda Ake Ɗaukar Fim Ɗin Barkwanci da Kare a Ƙaramin Kasafi

Mai shirya fim mai zaman kansa da ke son ba da labarin ma'auratan da suka ɗauki karensu tamkar ɗan cikinsu, ya kamata ya fara sanin cewa abin dariyar yana wurin mutanen ne, domin kare bai san ana wasa ba. Saboda haka a rubuta labarin bisa abin da karen ya riga ya iya, kamar zama, kwanciya ko ɗauko abu, maimakon a tsara abin da sai an yi watanni ana koya masa.

A wurin ɗauka, mai horar da karen ya tsaya a bayan kyamara yana ba shi umarni da alamar hannu, don kada muryarsa ta shiga sautin fim. A sauke kyamarar daidai tsayin idon karen, sannan a gajarta kowace ɗauka, domin hankalinsa ba ya daɗewa a kan abu guda, kuma da zarar ya ƙoshi da 'yan yankan naman da ake lallaɓa shi da su, aikin ranar ya ƙare. A nisanta shi da cakulan, inabi da albasa, duk guba ne gare shi.

A Amurka, ƙungiyar American Humane tana sa ido kan lafiyar dabbobi a wuraren ɗaukar fim tun 1940. A bikin finafinai na birnin Cannes na Faransa kuwa, tun 2001 ake ba da kyautar Palm Dog ga karen da ya fi taka rawa a finafinan bikin.