Yadda Ake Tantance Tsohon Agogon Hannu Kafin a Yi Tayi a Gwanjo

Gidaje da yawa a Maradi suna da tsohon agogo a ƙasan akwati, wanda wani alhaji ya yo tsaraba daga Makka a shekarun 1970 ko 1980: Seiko 5, Rado, Citizen ko Orient, wani lokaci har da Omega. Irin waɗannan agogai suna fitowa kasuwa idan an zo rabon gado, wasu kuma ana ganinsu a gwanjon intanet ko a hannun dillalan da ke zirga-zirga tsakanin Maradi, Katsina da Kano. Mai niyyar saye ya sani cewa masu tara agogai suna biyan kuɗi ne kan abin da ya rage na asali a jikin agogon, kuma ƙyalli yakan zama alamar cewa an taɓa shi.

Fuskar agogon ita ce abin fara dubawa, kuma a nan ne ya kamata a fi daɗewa, domin ita ce ke ɗauke da kaso mafi girma na darajarsa. A ari gilashin ƙara girma na mai gyaran agogo, a fita da agogon cikin hasken rana, a bi rubutun harafi bayan harafi. Rubutun masana'anta siriri ne, mai kaifin baki, kuma layukan mintoci suna daidai da juna. Wanda aka sake fentinsa kuwa haruffansa sukan yi kauri, ko su ɗan karkace. Akwai agogai masu yawa, musamman Seiko da Citizen, da ake sake wa fenti mai launin ja ko shuɗi a Indiya, a sayar da su da arha a intanet, kuma masu tara agogai ba su ba su wata daraja. Fuskar da ta dushe gaba ɗaya, ta koma ruwan ƙasa saboda rana, ba ta da aibi, har ma akwai masu ƙara kuɗi saboda ita. Wadda ake gudu ita ce mai tabon ruwa a gefe ɗaya, domin tana nuna cewa laima ta shiga har cikin inji, abin da ke yawan samun agogon da aka daɗe ana alwala da shi bayan robar murfinsa ta bushe.

Farin da ke kan allurai da lambobi, mai haske da dare, shi ma shaida ne. Agogan Suwizalan da aka rubuta wa harafin T a ƙasan fuska, kusa da "Swiss", an yi musu amfani da sinadarin tiritiyom ne, daga shekarun 1960 zuwa ƙarshen shekarun 1990, kuma wannan sinadari yana rasa rabin ƙarfinsa duk bayan shekara 12 da ɗoriya. Saboda haka agogo mai wannan alama da ke kwana yana haske, an sake masa fari. Launin farin allurai kuma ya dace da na lambobi. Idan ya bambanta, an sauya allurai. Waɗanda suka girmi 1960 kan ɗauki sinadarin radiyom mai cutarwa, don haka kada a kankare su ko a shaƙi ƙurarsu.

Daga nan sai gidan agogon. Masu gyara sukan goge shi da inji don ya yi kama da sabo, amma kowace guga tana cin ƙarfe, har gefunan da suke da kaifi su zama dunƙulallu, kunnuwan da ake ɗaura madauri su sirance. Ƙarzuwa ta shekaru ta fi wannan alheri. Idan an ce na zinariya ne, a nemi hatimin 750, wato karat 18, ko 585, wato karat 14. Rubutun Faransanci "plaqué or" na nufin ruwan zinariya kawai aka shafa masa.

Kamar yadda ba a sayen rago sai an duba haƙoransa, haka ba a sayen tsohon agogo sai an buɗe murfin baya. Mai gyara amintacce ne zai buɗe, a wurin da ƙura ba ta tashi, musamman a lokacin hunturu. A duba tsatsa, a duba ko sukurori sun ci rauni, sannan a tabbatar sunan da ke kan inji ya yi daidai da na fuska, domin an sha samun gidan tsohon agogo da injin batir mai arha a ciki. Lambar da masana'anta ke buga wa kowane agogo tana taimakawa ƙwarai wajen gane shekarunsa. A Seiko, lambar farko a jerin da ke murfin baya ita ce lambar ƙarshe ta shekarar da aka ƙera shi, ta biyu kuma wata ce, ta yadda mai farawa da 73 an yi shi ne a watan Maris na shekarar da ta ƙare da 7, samfurin injin kuma shi ke raba 1977 da 1987. A Omega lambar tana kan inji, a tsohon Rolex kuwa tana tsakanin kunnuwan wajen ƙarfe shida, sai an cire madauri ake ganinta. A yi wa agogon wani, wato a murɗa shi, a daidaita shi da wayar hannu, a duba washegari. Kuskuren minti ɗaya a yini abu ne da wanki da mai ke gyarawa.

Maganar farashi tana son sanyin zuciya. Rolex Daytona na ɗan wasan fim Paul Newman da gidan gwanjon Phillips ya sayar a New York a 2017 kan dalar Amurka miliyan 17.8, tarihin mai shi ne ya kai shi can, kuma bai zama ma'aunin agogon kowa ba. Seiko 5, wanda ya fara fitowa a 1963, an ƙera shi miliyoyi, don haka tsufa kaɗai ba ya sa shi tsada. Ma'auni shi ne kuɗin da aka sallama irinsa, mai irin lafiyarsa, a ƴan watannin baya. Akwatinsa da takardarsa ta asali suna ƙara masa kuɗi. Manyan gidajen gwanjo suna ɗora wa mai saye la'ada wajen kashi 25 cikin 100 a kan kuɗin da aka buga guduma, ga kuɗin aike, ga na duwan, ga na gyara. Mai tayi daga Maradi ya lissafa duka da sefa, yuro ɗaya a kan sefa 655.957, ya rubuta iyakarsa a takarda tun kafin a buɗe gwanjon, kuma idan an hana shi hoton inji, ya janye daga tayin.