Yadda Nake Sauya wa Baba Facin Jakar Bayan Gida

Tun da aka yi wa Baba aikin hanji muka dawo Argungu, ni ke sauya masa facin da jakar ke maƙalewa a kai. An fito masa da bakin hanji ne ta fatar ciki, bayan gida na fita ta nan ya shiga jakar; facin kuma ana manna shi a fatar, kewaye da bakin hanjin. Da sassafe nake yi kafin ya karya, lokacin cikin bai fara aiki ba.

Nakan wanke hannu, in ɓare tsohon a hankali daga sama, ɗaya hannun na danne fatar. Ruwan ɗumi da tsumma mai laushi sun isa wajen goge fatar. Ban da man shafawa, gam ba ya kama fata mai maiƙo. A bari ta bushe ƙayau.

Wurin yanka ramin facin, inda bakin hanjin ke shiga, na taɓa shan wuya. Na buɗa ramin da yawa, bayan gida ya taɓa fatar, ta yi ja. "Kin yi mini ɓarna, 'yar nan," in ji Baba. Yanzu sai na auna bakin hanjin kowane sauyi, domin yana raguwa a makonni 6 zuwa 8 na farko. Ramin ya ɗara shi da milimita 2 kawai.

In ɗumama facin a tafin hannu, in manna, in danne minti ɗaya. Da zufar bazara, kwana 3 yake yi mana. In bakin hanjin ya yi baƙi, asibiti nan take.