Yadda ake karɓar tsohon ƙaramin kare mai lalura a riƙe shi a gida

Irin wannan kare ba a kasuwa ake samunsa ba. Galibi ma'aikaci ne aka yi wa canjin wurin aiki, ko mai gidan haya a unguwar Barnawa ko Malali a Kaduna ya ce bai yarda da kare ba, ko uwar ɗakinsa ta rasu 'ya'yanta kowa ya noƙe. Sai ka ji ana cigiyar mai riƙon ɗan karen nan da ake kira Lasa, mai yalwar gashi, shekararsa 11, ido ya yi yana, ga gurnani. Ƙananan karnuka kan kai shekara 12 zuwa 15, saboda haka mai karɓa ya sani jinya zai yi, ba mai gadi ya samu ba.

Kafin ka ce to, fara da mutanen gidanka. Akwai masu ƙyamar kare, kuma ba a raina wannan. Ku yi shawara a kan inda zai riƙa kwana da inda ba zai taka ba, musamman wurin salla da madafa. In akwai yaro mai rarrafe, ni shawarata ka haƙura.

Sai ka zauna da mai shi ka yi tambaya har ya gaji. Me yake ci, sau nawa? Wane magani yake sha? Ya taɓa cizon mutum, kuma me ake yi masa a lokacin? Me yake tsoro, tsawa ko ƙarar janareta? Ka karɓi katin rigakafinsa da tsohon tsumman da yake kwana a kai, don warin da ya saba da shi kan kwantar masa da hankali a baƙon wuri.

A makon farko ka kai shi wurin likitan dabbobi. Allurar haukan kare ita ce gaba da komai, ana sabunta ta duk shekara. In babu kati, a ɗauka ba a yi ba. Daga nan maganin tsutsar ciki da na kaska, domin kaska na jawo zazzaɓin da ke shanye jini. Ka roƙi likita ya buɗe bakinsa da kyau, ya kuma saurari ƙirjinsa. Ruɓewar haƙori da ciwon zuciya sun yi yawa a tsofaffin ƙananan karnuka, kuma tarin dare da ake ɗora wa hunturu wani lokaci daga zuciya yake. In abin ya fi ƙarfin asibitin unguwa, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Kada ka ba shi farasitamol ko ibufurofen ɗinka don ka ga yana ɗingishi, suna iya lalata masa hanta da ƙoda.

Yanzu gyaran wuri. Tayil na da santsi ga ƙafar da ke ciwon gaɓoɓi, sai a shimfiɗa tabarma ko tsohon kafet a hanyarsa. Makwancin ya zama mai taushi, a inuwa lokacin zafin Maris da Afrilu, nesa da iska a Disamba. Da damina kada ya kwanta a jiƙaƙƙen rairayi, nan ƙudan da tsutsarsa ke shiga fata yake yin ƙwai. In ba ya gani sosai, kaskon ruwansa da na abinci su zauna wuri guda, a daina jan kujeru yau nan gobe can.

Abinci kuwa kaɗan-kaɗan, sau biyu ko uku, mai laushi. In za ka canza masa, ka riƙa gauraya sabon da tsohon har mako guda. Ragowar miyarmu ba ta dace ba saboda albasa da tafarnuwa, haka ƙashin kaza dafaffe, cakulan da inabi.

Hali shi ne inda mutane ke karaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan kuwa ya bushe, don haka kai ne za ka lanƙwasa. Kwanakin farko ka ƙyale shi. Ka zauna nesa kaɗan, ka jefa masa ɗan nama, har ya zo da kansa. Gurnani gargaɗi ne, kuma wanda ya doke shi a kan gurnani ya koya masa cizo ba sanarwa. Sau da yawa ciwo ne ke sa faɗan: ka taɓa ƙugun da ke masa zogi, ko ka farkar da kurman kare da hannu. Ka buga ƙafa a ƙasa tukuna ya ji motsin. Yara su san doka biyu, ba a taɓa shi yana ci, ba a taɓa shi yana barci. In ya yi fitsari a ɗaki, a wanke a ƙara yawan fitar da shi. In kuma shan ruwan ya yi yawa tare da fitsarin, a koma wa likita, don alamar ciwon suga ko ƙoda ce.

In tsautsayi ya sa ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar tare da katin rigakafin karen.