Gasar Mazantaka a Manyan Kamfanonin Landan: Abin da Sabon Zuwa Zai Sani

Yaranmu suna ta samun aiki a manyan bankuna da kamfanonin ba da shawara na unguwar Canary Wharf da ke Landan, kuma abin alfahari ne. Sai dai kuskuren da na bara suka yi shi ne na bana suke maimaitawa. 

A irin waɗannan ofisoshi maza na gasar nuna wa ya fi juriya: wa ya fi daɗewa a tebur, wa ke amsa imel ƙarfe goma sha ɗaya na dare, wa bai taɓa cewa ba shi da lafiya ba. A mitin ana katse mutum ana ɗaga murya, wani ya ɗauki shawarar da ka kawo ya sake faɗarta da ƙarfi, ta zama tasa. Kai kuma an tarbiyyantar da kai kada ka yabi kanka, kada ka haɗa ido da babba. A gida ladabi ne, a nan sai a rubuta a takardar tantance aikinka cewa ba ka da ƙwarin gwiwa, kuma da wannan takardar ake raba ƙarin girma. Maganinsa mai sauƙi ne: duk Juma'a ka aika wa manajanka layi huɗu ko biyar na abin da ka kammala, kana cewa "na yi" a inda kai ka yi.

Yammacin Alhamis ana tafiya mashaya, kuma can ake jin wane aiki ke tafe. Wasu namu kan je su sha lemo su tashi bayan rabin awa, wasu ba sa taka wurin. Idan ba ka zuwa, ka nemi manajan ku sha kofi da rana sau ɗaya a wata. Sallar Juma'a kuwa ka sa ta a kalandar aiki tun makon farko, ka sanar a rubuce. Wanda ya riƙa sulalewa a ɓoye shi ake yi wa kallon mai gudun aiki.

Tun ranar sa hannu ake ɗaure mutum. Doka ta ƙayyade matsakaicin awa 48 a mako, amma cikin takardun da za a miƙo maka galibi akwai wadda ke cewa ka yafe wannan iyaka. Ba dole ba ne ka sa hannu, kuma ko ka sa kana iya janyewa da sanarwar aƙalla kwana 7, ko abin da yarjejeniyar ta ce, wanda ba zai wuce wata 3 ba. Hutunka na shekara aƙalla kwana 28 ne idan kana aikin kwana biyar a mako. Ka ci abinka, ko da abokan tebur suna taƙama da cewa ba su taɓa nasu ba.

Inda aka fi shan wuya shi ne biza. Bizar ƙwararren ma'aikaci a ɗaure take da kamfanin da ya tsaya maka, kuma azzalumin manaja ya san haka. Idan aka sallame ka ko ka ajiye aiki cikin fushi, kamfanin zai sanar da Ma'aikatar Cikin Gida, ita kuma takan rage izinin zamanka zuwa kwana 60, ko abin da ya saura a bizar idan bai kai haka ba. Matarka da 'ya'yanka da suka shigo ta kanka abin ya shafe su. Don haka kada ka yi zuciya ka fita. Ka fara duba jerin kamfanonin da ke da lasisin ɗauko baƙi a shafin gwamnati, ka sami sabon aiki, su ba ka takardar tsayawa, ka nemi sabuwar biza, sai ta fito ka fara aiki a can. Ka kuma sake karanta kwantiraginka, don wasu na ɗauke da sharaɗin mayar da kuɗin da aka kashe maka idan ka tafi da wuri.

Kafin nan ka riƙa rubutawa. Littafi naka na kanka: rana, lokaci, abin da aka faɗa kalma da kalma, da waɗanda ke wurin. Kada ka tura takardun kamfani zuwa imel ɗinka na gida, wannan kaɗai ya isa a kore ka. Cin zali zalla ba shi da dokarsa ta musamman, amma idan ya taɓa launin fata, addini ko jinsi, Dokar Daidaito ta 2010 ta rufe shi tun ranarka ta farko a aiki. "Wasa ne kawai" da suke fakewa da shi ba hujja ba ce, ko ana zolayar lafazinka ne ko azuminka ko hijabin 'yar'uwa. Mata ma sun fi shan wannan, don su ake ba rubuta bayanin mitin, su ake katsewa.

Ofishin HR, wato sashen kula da ma'aikata, na kamfani ne, shi ke biyansu. Ka je da rubutaccen ƙorafi, kada ka je hira. A zaman sauraron ƙorafi kana da 'yancin tafiya da abokin aiki ko wakilin ƙungiyar ƙwadago, amma ƙungiya ba ta cika karɓar rigimar da ta girmi rajistarka ba, saboda haka ka shiga tun lafiya lau. Kafin kotun ma'aikata dole ka bi ta ACAS, hukumar da ke sasanta ma'aikata da masu ɗaukar aiki, don neman sulhu. Wa'adin kai ƙara da aka daɗe ana aiki da shi wata 3 ne a cire kwana ɗaya, daga ranar da abin ya faru, kuma jiran amsar HR ba ya tsayar da ƙirgen. Idan kamfanin ya miƙo maka takardar sasantawa da kuɗi, ba ta aiki a doka sai mai ba da shawara mai zaman kansa, galibi lauya, ya duba ta tare da kai, kuma yawanci kamfanin ke ba da wani abu na kuɗinsa. Ka tambayi lauyan ranar da aikin zai ƙare a takarda, don daga ita maganar bizarka ke tashi.