Masu wanke gas ɗin shara da gansakuka, ga inda kuke ɓata aiki

Na gaji da amsa tambaya ɗaya: me ya sa wutar gas ɗina ba ta da ƙarfi? Gas ɗin da ke fita daga tankin kashin shanu da ragowar abinci, kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari ne kawai mitan mai kamawa. Yawancin saura kabon dayoksaid ne, wanda ba ya ci da wuta. Gansakuka kuwa abincinta ke nan, shi ya sa ake wanke gas da ita: ta shanye shi, wuta ta yi ƙarfi.

Babban kuskure shi ne a tsoma tiyon gas kai tsaye cikin buɗaɗɗen kwamin gansakuka. Haba! Mitan ɗin da ka sha wahalar tarawa ya bi iska ke nan. Wasu su ce to bari su rufe kwamin da leda. Wannan ya fi muni, domin gansakuka in ta sami rana oksijin take fitarwa, shi kuma ya gauraya da mitan. Mitan in ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin iska, tartsatsi ɗaya ya isa ya tashi da wurin. Ni dogon bututun roba nake tsayarwa, ruwan gansakuka ya zubo ta sama, gas ya shigo ta ƙasa ya fita ta kai, ruwan ya koma kwami a buɗe.

Na biyu ya taɓa kashe mini kwami guda: zuba wa gansakuka ruwan takin da ke fita daga tanki tsagwaronsa don ciyar da ita. Ammoniya ta yi masa yawa, ga baƙi da ke tare haske. Kafin a ankara kore ya koma ruwan ƙasa, sai wari. Ku tace, ku tsarma sosai, ku riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Gaggawar me kuke yi?

Kada ku manta da kanwa. Ruwa mai kanwa ya fi shan kabon dayoksaid, kuma Spirulina, wata irin gansakuka, a irinsa take haɓaka. Matan Kanembu na yankin Tafkin Chadi sun daɗe suna kwasarta a tafkunan kanwa suna busarwa don miya. Amma wadda ta sha ruwan taki ba ta miya ba ce, ni gona nake kai ta.

Warin ruɓaɓɓen ƙwai? Sa soson ƙarfe mai tsatsa a hanyar gas. Gas ɗin farko ku sake shi, ba ya kamawa. Da hunturu kuma a lulluɓe tanki, ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da shara sun fi son ɗumin digiri 35 na Salshiyos.