Fitilar iskar taya ta kama bayan canza wili: yadda za ka bi da ita

Da farko auna iskar tayoyin da safe, kafin motar ta yi tafiya. Bi adadin da ke jikin takardar ƙofar direba. Wanda aka rubuta a gefen taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ne kawai.

Sannan ka kunna mota ka lura da fitilar. In ta tsaya cak, iska ce ta ragu, yawanci da kashi 25 cikin 100. In ta yi ta ƙiftawa kamar minti ɗaya sannan ta tsaya, motar ba ta jin sensa ne, wato ƙaramar na'urar da ke auna iskar taya.

A nan aikin yake. A yawancin motoci, sensar tana cikin wili, manne da bawul, don haka ta tafi da tsohon wilin. Sa mai faci ya cire ta ya mayar a sabon, da sabuwar robar bawul. Ka tsaya a kansa, domin ƙarfen banɓare taya kan fasa ta. In sabuwa za ka saya a kasuwar kayan mota ta Ladipo a Legas, duba mitar siginar da aka rubuta a jikinta: yawancin motocin tokumbo na Amurka 315 MHz ne, na Turai 433. In ba su dace ba, kuɗinka ya tafi.

Bayan ɗaurawa, yi tafiyar minti 15 zuwa 20 da gudun da ya wuce kilomita 30 a awa. Cunkoson Apapa ba zai yi ba, nemi sarari. In fitilar ta ƙi mutuwa, je wurin mai na'urar OBD, wadda ake jonawa da kwamfutar mota, ya shigar da lambobin sensar, Toyota da yawa sai da haka. Batirin sensa kan yi shekara 5 zuwa 10, in ya mutu sai a canza ta gaba ɗaya.