Kurakuran da aka fi yi wajen amfani da kalmar "coward"

Mai koyon Turanci idan ya buɗe ƙamus yana neman yadda ake cewa matsoraci, kalmar "coward" ce yake fara cin karo da ita, sai ya riƙe ta yana jefa ta duk inda tsoro ya gitta. Babban kuskuren ke nan. A Hausa ana iya ce wa yaron da ba ya son duhu matsoraci cikin raha, ba wanda zai ji haushi. "Coward" ba ta ɗaukar wannan rahar cikin sauƙi, domin zargi ce. Ana faɗarta ga mutumin da ya san abin da ya wajaba a kansa amma tsoro ya sa ya zame, galibi ya bar wani cikin wahala: direban da ya buge mutum ya tsere, ko wanda ya ga ana yi wa abokin aikinsa ƙazafi, ya san gaskiya, ya ja bakinsa ya yi gum.

Ɗauki uwar da ta kai ɗanta asibiti, yaron ya hango allura ya maƙale a jikinta yana kuka. Ta juya ta ce wa likita, "My son is a coward." Nufinta yaron yana tsoron allura, amma abin da likitan ya ji shi ne uwa tana aibanta ɗanta. Abin da ya dace shi ne "He is afraid of needles" ko "He is scared." In kuma halin yaron ne ɗari-ɗari da komai, "timid" ce kalmar. In kunyar mutane yake ji, "shy".

Nauyin kalmar yana da tarihi. A Yaƙin Duniya na Farko, tsakanin 1914 da 1918, "cowardice" laifi ne da kotun sojan Birtaniya ke yanke wa hukuncin kisa. Sai a 2006 aka yi afuwa ga sojoji 306 da aka harbe bisa wannan laifi da makamantansa, irin su gudu daga fagen daga. Kalmar da ta taɓa kai mutum gaban bindiga ba ta dace da yaro mai tsoron allura ba.

Sai nahawu. "Coward" suna ce da ake iya ƙirgawa, don haka tana buƙatar "a" a gabanta. "He is coward" kuskure ne, haka ma "She is very coward". A ce "He is a coward." Ba ta bambanta mace da namiji, jam'inta kuma "cowards".

Wadda ta fi rikita mutane ita ce "cowardly". Ganin "-ly" a ƙarshenta sai a ɗauka tana bayyana yadda aka yi aiki, kamar "quickly" ko "slowly". A Turancin yau sifa ce, 'yar'uwar "friendly" da "lonely". Shi ya sa "a cowardly attack" daidai ne, amma "He behaved cowardly" yana yi wa mai harshen karo a kunne. Gyaran shi ne "He behaved like a coward" ko "in a cowardly way". Sunan halin kuwa "cowardice" ne. A guji "cowardness" a jarrabawa da wasiƙar aiki.

Kalmomin da ake guduwa gare su ma suna da nasu tarkon. "Afraid" ba ta zuwa gaban suna, ba a cewa "an afraid boy", sai "a frightened boy". Wanda ya ce "I am scary" ya ce shi abin tsoro ne, alhali "I am scared" yake nufi. "Fearful" kuma baki biyu gare ta: "a fearful child" yaro ne mai jin tsoro, "a fearful storm" guguwa ce mai ban tsoro, don haka a duba abin da take sifantawa.

Wasu kan zaci kalmar tana da alaƙa da saniya saboda "cow" da ke farkonta. A furuci da rubutu kaɗai suka haɗu. Ta shigo Ingilishi a ƙarni na 13 daga tsohon Faransanci, tushenta kuma kalmar Latin "cauda", wato wutsiya, mai yiwuwa saboda dabbar da kan maƙale wutsiya idan ta razana. A rubutu kuma a kula da "cowered", wadda ake furtawa daidai da ita amma aikatau ce mai nufin mutum ya takure don tsoro: "The coward cowered behind the door."